Tarihin Tukunyar Zubi

Tukunyar alminiyom da ake ɗora girkin biki da suna a cikinta ba ta cika shekara ɗari a ƙasar Hausa ba. Kafin zuwanta tukunyar ƙasa ce ke kan murhu. Ƙarfe kuwa na maƙera ne, daga tama ake samunsa, a haƙo ta a narka da gawayi. Maƙeran baƙi na ƙera fartanya da gatari, maƙeran fari na aikin azurfa da tagulla.

Da layin dogo ya iso Kano a 1911, sai guntayen ƙarafan Turai suka soma shiga maƙera, daga baya sifirin mota da gangar mai suka biyo. Tataccen ƙarfe da ake saye da arha ya fi sauƙi a kan wahalar haƙar tama, don haka narkar da tama ta yi ta ja da baya har ta mutu. Tun daga lokacin tarkace ya zama jarin maƙeri.

Zubin alminiyom ya zo ne daga yamma. Masana tarihi na danganta farkonsa da Senegal a shekarun 1940, musamman Dakar da Thiès mai babban garejin jirgin ƙasa, inda Yaƙin Duniya na Biyu ya bar tarkacen jirage da motoci. Yaran da suka koyi aikin su suka bazu da shi zuwa Mali, Gini, Nijar da sauran ƙasashe. Abin da ya sauƙaƙa yaɗuwarsa shi ne alminiyom na narkewa a zafin digiri 660, wanda wutar gawayi ke kaiwa ba wuya, alhali baƙin ƙarfe sai ya haura 1,500.

Kayan aikin ma daga bola suke fitowa. Wilin keke ne ke juya fankar da ta gaji zugazugi, ana kuma narkawa a cikin tsohuwar tukunyar gas ko kwanson injin firji. Mai zubi na danna yashi mai laima a akwatin katako kewaye da wata tukunya, ya zare ta, ya mayar da akwatin ya haɗe, sannan ya tsiyaya ruwan ƙarfe ta ƙaramar kafa. Gwanintar duk a yashin take: in ruwa ya yi masa yawa tukunyar ta fito da ƙofofi, in ya bushe ya zube. Fistin mota, gwangwanin lemo, tsohuwar waya, duk 'yan gwangwan ke kawowa a auna a sikeli.

Tsadar kayan waje ta ƙara wa sana'ar kasuwa, bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 a Najeriya da karya darajar sefa da rabi a 1994. Panteka a Kaduna da Katako a Yamai suka yi suna wajen irin wannan aiki, har da ludayi, tanda da kayan gyaran inji.

Sai dai tarkace ba ya zuwa da tsabta. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan tukwanen zubi na Kamaru ya nuna dalma na iya fita daga jikinsu yayin dahuwa. Tana shiga ne ta ɓangarorin inji da sauran ƙarafan da ake narkawa tare ba a tantance ba, kuma ƙananan yara gubar ta fi yi wa illa.