Tarihin Kuran na Rana a Ƙasarmu Nijar

Tun da aka fara ganin allunan nan baƙaƙe bisa rufin ɗakuna da bakin rijiyoyi, waɗanda muke ce ma panno, mutane da yawa sun ɗauka sabon kaya ne da ƴan kasuwa suka kawo daga Sin. Alhali Nijar tana cikin ƙasashen farko na Afirka da suka ci moriyarsu, kuma a lakwal aka soma.

Asalin abin daga Faransa yake. A 1839 wani saurayi mai shekara 19, Edmond Becquerel, ya gano cewa haske yana iya tayar da kuran cikin wasu abubuwa. An yi shekara fiye da ɗari ba a ci amfanin wannan sani sosai ba. Sai a 1954 masanan kamfanin Bell na Amurka suka ƙera allo da silikon, wanda daga yashi ake tace shi. In haske ya sauka bisa allon, sai ya tunkuɗa ƙananan ƙwayoyin lantarki da ke ciki su bi waya, babu inji, babu gazuwal, babu ƙara. Na farkon nan kashi 6 cikin 100 na hasken kawai yake juyawa, ga kuma tsada, don haka taurarin ɗan Adam ne suka fara amfani da shi, kamar Vanguard 1 a 1958.

To, ta ina ya biyo ya iso mu? A 1964 aka soma karatu ta telebijin a wasu lakwal na kewayen Yamai. Ƙauyukan ba su da kuran, akwatunan da batir suke aiki, batir kuwa yana ƙarewa a sake saye. A 1968 aka gwada ɗaura ma telebijin ɗin wata lakwal kusa da Yamai panno, ya yi aiki, daga nan aka riƙa ƙarawa. Ku duba fa: shekara 10 kacal bayan an hau da shi sama, ga shi yana koya ma ɗiyan talakawa karatu. Dattawan da suka kalli Télé-Sahel a dandali zamanin Kunce, da yawansu hasken rana ne ya kunna musu akwatin.

Ba a yin wannan zance a tsallake Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929. Masanin fizik ne. Ya yi aikin rana a Bamako, sa'an nan a 1969 ya komo gida ya riƙe ONERSOL, ofishin makamashin rana da aka kafa a 1965. Shi ƙarfinsa ya fi ga zafin rana: na'urar ɗuma ruwa, murhun dafuwa, na'urar tace ruwa. A ganina hujjarsa mai ƙarfi ce, don waɗannan ana iya ƙera su a Yamai da hannun ƴan ƙasa, panno kuwa daga waje ake sayo shi, kuma a 1977 wat ɗaya yana kai dala 76. Ya rasu a 1991, jami'ar Yamai ta ɗauki sunansa a 1992. Yau wat ɗaya bai kai rabin dala ba, amma har yanzu sayowa muke yi.

Gwamnati ta gina tashar Malbaza mai megawat 7 a 2018, da ta Goru Banda mai megawat 30 a 2023. A shekarar nan ta 2023 ne Nijeriya ta yanke mana wuta bayan juyin mulkin Yuli, alhali wajen kashi 70 cikin 100 na kuran ɗinmu daga can yake zuwa. Mutanen birni sun ji a jikinsu, kasuwar panno ta buɗe.

Masu aiko kuɗi don fanfon foraji, ga abin da shekarun nan suka nuna. Panno yana yin shekara 25 in ana share masa ƙurar hunturu. Batir irin na mota shi ne mai saurin mutuwa, shekara 2 ko 3 ya gama. Fanfo kuwa ba ya bukatar batir: da rana yake cika shato, mata su ɗiba har dare. Abin da ya tsai da fanfuna da yawa shi ne ranar da inji ya lalace, aka buɗe asusun gyara aka tarar babu ko dala.