Daga Sikelin Gujiya zuwa Ajin Farko: Tarihin Karatun Hausa a Ƙasar Matamaye

Lokacin da Nijar ta samu mulkin kai a shekarar 1960, yaran da ke zuwa lakwal ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Tsarin da aka gada daga Faransa bai san wani harshen koyarwa ba sai Faransanci. Yaron Matamaye ko na Kance, wanda ya tashi da Hausa a baki, wani ma ya fara haɗa baƙi a makarantar allo, da ya shiga aji sai a ɗauke shi tamkar wanda bai san kome ba. Aiki biyu ake ɗora masa lokaci guda: koyon baƙon harshe, da koyon karatu cikin wannan harshen.

Ƙofar da Hausa ta fara shiga tsarin ilimi ta wajen manya ce. A shekarar 1962 gwamnatin Diori Hamani ta kafa SONARA domin cinikin gujiya, da kuma UNCC domin bashin manoma da ƙungiyoyinsu. A 1963 aka kafa hukumar yaƙi da jahilci, da taimakon UNESCO. Matamaye, da yake ƙasar gujiya ce kusa da iyakar Najeriya, tana cikin wuraren farko da aka gwada aikin rayar da karkara. Daga wajen 1966, a Matamaye da Magarya, aka soma danƙa kasuwannin gujiya ga manoman da kansu. Wannan ya sa dole a samu ƴan gari masu iya karanta sikeli, su rubuta nauyin buhu, su riƙe lissafin kuɗi da dala yadda aka saba ƙirga su a kasuwa. Wato manomi ya ga amfanin rubutu da idonsa, domin wanda ya iya duba takarda ba a tauye masa awo. A wannan shekara ta 1966 ne kuma taron Bamako ya tsayar da ƙa'idojin rubuta Hausa da waɗansu harsunan Afirka ta Yamma da baƙaƙen boko.

Sai dai abin da aka yarda da shi ga uba ba a yarda da shi ga ɗa ba tukuna. Sai a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda ake koyar da yara da Hausa a shekarun farko, ana shigo da Faransanci sannu a hankali har ya karɓi koyarwar a azuzuwan sama. A 1974 aka kafa cibiyar INDRAP a Yamai, wadda ta ɗauki nauyin tsara littattafai, daga baya kuma gwajin ya kai ga Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci da Tamajak. Binciken da aka yi a kan waɗannan makarantu ya nuna ɗalibansu sun fi saurin kama karatu, kuma Faransancinsu bai gaza na takwarorinsu ba.

To, me ya hana gwajin zama doka ga kowa? Dalili na farko shi ne kuɗi. Fari na 1973 da 1974, da cutar da ta afka wa gujiya a 1975, sun karya noman da kasuwannin Matamaye suka dogara a kai, karatun manya kuwa ya rasa abin da ke riƙe da shi. Makarantun gwaji su ma rabonsu ya rataya ga tallafin waje: Amurka ta taimaka wajen littattafai a shekarun 1980, Jamus ta karɓa a ƙarshen shekarun 1990. Duk sa'ad da wa'adin wani tallafi ya cika, sai buga littattafai ya tsaya, malamin da aka horar a mayar da shi wata makaranta. Dalili na biyu shi ne jarrabawa da aikin gwamnati sun ci gaba da tafiya da Faransanci kaɗai, don haka iyaye da yawa suka yi ɗari-ɗari.

Ta fuskar doka an ci gaba. Dokar ilimi ta ranar 1 ga Yuni 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci, a 1999 aka sake tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa, dokar 2001 kuma ta lissafta harsunan ƙasa guda 10. Duk da haka, awon PASEC na 2014 ya tarar wajen yaro ɗaya cikin goma ne kawai ya kai mizanin harshe a farkon firamare. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki.

Darasin Matamaye ga masu tsara yaƙi da jahilci a fili yake. Karatu ya kama a inda aka yi shi da harshen mutane, aka kuma ɗaure shi da wata bukata tasu, ya kuwa dushe a inda kuɗinsa ya dogara ga baƙo. Ana yawan tambaya ko yaro ya shirya wa makaranta, alhali yaro ɗan shekara bakwai yana zuwa da harshe cikakke. Abin da ya rage shi ne kasafin ƙasa ya ɗauki nauyin littafin ajin farko da horon malaminsa kowace shekara, domin kayan aro ba ya rufe katara.