Yariman Farisa: tsohon wasa cikin sabuwar riga

A ƙarshen shekarar 1989 kamfanin Broderbund na ƙasar Amurka ya fitar da wani wasan kwamfuta mai suna Prince of Persia, wato Yariman Farisa. Labarinsa gajere ne, ana iya faɗarsa cikin numfashi ɗaya. Sarki ya tafi yaƙi, wazirinsa Jaffar ya ƙwace mulki, ya ba gimbiya wa'adin sa'a guda: ko ta aure shi ko ta mutu. Saurayin da take so kuwa an jefa shi kurkukun ƙarƙashin fada. Mai wasa shi ne wannan saurayi, kuma sa'ar nan ta gaskiya ce, minti 60 na agogon da ke ɗaure a hannunsa. Duk wanda ya karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, zai gane wannan fage tun daga ƙofa, domin can ma sarki ya fita yaƙi ya bar waziri maci amana a gida.

Sunan wazirin ma yana da nasa tarihi. Ja'afaru Barmaki mutum ne da ya rayu, wazirin Halifa Haruna Rashidu a Bagadaza, wanda halifan ya sa aka kashe a shekarar 803. A cikin hikayoyin Dare Dubu da Ɗaya abokin yawon dare ne ga halifa, mai hankali da sanin ya kamata. Silima ce ta ɓata masa suna. Fim ɗin Ingila na 1940 mai suna The Thief of Bagdad ya mai da Jaffar mugun waziri matsafi, daga nan sunan ya bi hannu har ya iso wannan wasa, kafin kamfanin Disney ya ƙara baza shi a 1992. Farisar da ke cikin wasan ba ta da gari, ba ta da zamani, ba ta da harshe. Farisa ce ta mafarkin Turawa, wadda suka gada tun daga fassarar Faransanci da Antoine Galland ya fara bugawa a 1704.

Mutum ɗaya ne ya yi kusan dukan aikin. Jordan Mechner, haifaffen birnin New York a 1964, ya riga ya yi suna da wasan Karateka a 1984 tun yana ɗalibi a jami'ar Yale. Ya soma sabon aikin a 1985, ya ɗauke shi shekara 4. Abin da ya dame shi tun farko shi ne motsin jiki. A wasannin lokacin mutum yakan yi tsalle kamar fara, ya tsaya cak kamar an dasa shi. Mechner ya nemi kyamarar bidiyo, ya sa ƙanensa David fararen tufafi, ya kai shi wani filin ajiye motoci, ya sa shi gudu da tsalle da hawa katanga. Bayan haka ya riƙa tsai da kaset ɗin, yana ɗaukar hoton kowane motsi daga gilashin talabijin, a wanke hotunan, ya baƙanta bayansu da alƙalami har siffar yaron kaɗai ta rage fara, sa'an nan ya shigar da ita cikin na'ura. Masu zanen silima sun san wannan dabara tun farkon ƙarni na 20, amma ba a saba ganinta a wasan kwamfuta ba. Don faɗan takobi kuwa ya kwaikwayi karawar Errol Flynn da Basil Rathbone a fim ɗin Robin Hood na 1938. Mahaifinsa, Francis Mechner, shi ya tsara kiɗan.

Sakamakon wannan wahala shi ne jiki mai nauyi. Idan yaron ya ɗauki gudu ba ya tsayawa nan take, sai ya ɗan zame. Idan ya juya, sai ya karkata kamar mai neman faɗuwa. Idan ya yi tsalle bai kai ba, yakan kama bakin dutse da yatsu ya rataya, ƙafafunsa na lilo a kan rami. Mai wasa yana danna maɓalli, amma jikin ba ya amsawa sai ya gama takun da ya fara. Saboda haka dole mutum ya koyi ƙirga taku, ya san daga wane dutse zai tashi, ya san lokacin da zai bar gudu ya koma sanɗa don kada ƙusoshin da ke fitowa daga ƙasa su tsire shi. Ga dabe mai ruftawa, ga wuƙaƙe masu haɗuwa kamar haƙora, ga ƙofofin ƙarfe da ke buɗewa in an taka wani dutse, su soma saukowa tun kafin a isa gare su. Wanda ya mutu yakan koma farkon matakin, agogo kuwa ba ya komawa. Kowace mutuwa ana biyanta da mintoci.

Na'urar da aka yi wasan dominta, Apple II, ta riga ta tsufa a 1989. Ƙwaƙwalwarta kilobayit 128 ce, abin da ko hoto ɗaya na wayar hannu ba zai shiga ba a yau. Wannan ƙunci shi ya haifi abin da ya fi komi kyau cikin wasan. Da farko Mechner bai yi niyyar sa abokan gaba ba, domin motsin yaron ya cinye wurin. Wata abokiyar aikinsa, Tomi Pierce, ta dage cewa wasa ba faɗa ba zai yi armashi ba. Da ya rasa wurin zana sabon mutum, sai ya ɗauki siffar yaron kanta, ya ɗan gusa ta, ya juya launinta ta hanyar wani lissafi mai sauƙi, sai ga baƙar inuwa mai kyalli a gefe, wadda ba ta ci wuri ba ko kaɗan. Daga nan labari ya samu. A mataki na 4 yaron yakan tarar da madubi ya tare hanya, ba mafita sai ya yi tsalle ta cikinsa, inuwarsa ta fice ta wancan gefe ta gudu. Gaba kaɗan ta shanye masa maganin ƙarin ƙarfi, gaba kuma ta rufe masa ƙofa yana rataye a bakin rami. A mataki na 12 suka haɗu da takubba. Duk saran da ya kai mata shi ma yana jin ciwonsa, in ya kashe ta ya kashe kansa. Hanya ɗaya ce: ya mai da takobi kube, ya nufe ta, su koma mutum guda. Babu rubutu ko murya da ke gaya wa mai wasa haka. Bayan kusan sa'a guda ana koya masa zare takobi, sai ya gano da kansa cewa a nan mayarwa ake so. Daga baya Mechner ya samo wurin sa dogarai masu takubba, amma inuwar ta riga ta zama zuciyar wasan.

A Amurka kasuwa ba ta karɓe shi da sauri ba, don mutane sun soma barin Apple II. Sai da aka mai da shi kan kwamfutocin PC a 1990, aka kai shi Turai da Japan, sa'an nan ya bazu. Tun a lokacin aka fara sake masa riga. Bugun PC ya ƙara launi da sauti. Bugun Super Nintendo na 1992 ya kai matakai 20, ya mai da wa'adin sa'a 2. Kashi na biyu ya fito a 1993, sai wani yunƙuri na 1999 da bai yi nasara ba, kafin kamfanin Ubisoft na Faransa ya karɓi sunan.

A nan ya kamata a rarrabe ayyuka biyu da masu wannan sana'a ke yi wa tsohon wasa. Akwai yaɓe, akwai sake gini. Mai yaɓe yana barin bango yadda yake, ya toshe tsaga, ya gyara fuska, kamar yadda ake yi wa gidan ƙasa kafin damina. Mai sake gini kuwa yakan rushe, ya bi tsohon tushe ya tai da sabon bango. Yariman Farisa ya sha duka biyun.

Sake ginin ya zo a 2007, lokacin da kamfanin Gameloft ya fitar da Prince of Persia Classic a kan Xbox 360, shekara guda bayan haka kuma a kan PlayStation 3. An bar tsarin kurkukun kusan yadda yake, ɗaki bayan ɗaki, tarko bayan tarko. Amma duhun ya tafi. Inda dā ake ganin baƙin fili da fitila biyu na ci a bango, yanzu ga ginshiƙai, ga hasken rana na ratsowa, ga ado ko'ina. Yaron ya sami sabbin dabaru, yana tuma da bango, yana wuntsilawa, yana amsa maɓalli da sauri. An sa wuraren da mutum ke farkawa a tsakiyar mataki in ya mutu, an kuma sa wani ɗan haske mai firiya kamar malam-buɗe-littafi yana nuna hanya, ko da yake ana iya kashe shi. Aiki ne mai tsabta, kuma yaron da bai taɓa ganin na farko ba zai fi saurin sabawa da shi. Sai dai duk abin da aka sauƙaƙa, daga jikin wasan aka yanko shi. Ramin da aka auna don ɗan shekara 15 mai jin nauyin ƙafafunsa ba ya ba ɗan wasan tsalle-tsalle tsoro. Ɓata hanya kuwa yana cikin abin da ke cin mintocin nan 60, wanda aka nuna wa hanya an rage masa rabin fargaba. Tsohon bugun, da ƴan launukansa da shirunsa, har yau yana sa tafin hannu gumi. Abin da ya tsufa a cikinsa shi ne faɗan takobi, wanda bai wuce sara da karewa da ja da baya ba, da kuma wasu wurare inda ba a sanin tarko sai an mutu a cikinsa sau ɗaya.

Yaɓen kuwa ya faɗa kan wani wasa dabam na wannan zuri'a. A 2003 reshen Ubisoft na Montreyal a Kanada, ƙarƙashin jagorancin Patrice Désilets, tare da Mechner a matsayin marubuci, ya fitar da The Sands of Time, wato Yashin Lokaci. Wannan karon yariman na gudu a jikin bango, yana lilo a kan sanduna, kuma yana riƙe da wuƙar da ke mai da lokaci baya na ƴan daƙiƙoƙi, ta yadda wanda ya faɗa rami zai iya janye faɗuwarsa. Wasan farko ya sa lokaci ya zama mai bin bashi, wannan ya mai da shi dukiyar da ake kashewa da lissafi, domin yashin wuƙar na ƙarewa. Dukan wasan labari ne da yariman ke bayarwa da bakinsa. In mai wasa ya mutu, sai muryar ta katse, ta ce ba haka abin ya faru ba, ta koma baya. Sai a ƙarshe ake gane wa yake ba labarin: gimbiya Farah ce, cikin ɗakinta da dare, bayan lokaci ya koma baya ta manta da shi sarai, yana neman ta gaskata shi kafin waziri ya cika nufinsa. Shaharzad ce aka juya, namiji ke hira don ceton rai.

A 2010 aka haɗa wannan wasa da biyun da suka biyo shi, na 2004 da na 2005, aka goge su don manyan talabijin na zamani a kan PlayStation 3. Ba a taɓa ginin ba, an dai ƙara kaifin hoto. Kaifin nan ya yi wa manyan zaurukan fadar Azad kyau, amma ya tona asirin fuskoki da hannaye, waɗanda aka zana da ƴan kusurwoyi don tsohuwar talabijin mai ɓoye aibi. Hazon da ya sa wasan ya yi kama da mafarki a 2003 rabinsa gwaninta ne, rabinsa rashin ƙarfin na'ura. Duk da haka gudun bango da muryar mai labari ba su tsufa ba, faɗan ne ke gundura, don maƙiyan na ta ɓullowa iri ɗaya har a ƙosa. A 2020 Ubisoft ya ba da sanarwar zai sake gina shi daga tushe a rassansa na Pune da Mumbai a Indiya. Hotunan farko ba su gamsar da jama'a ba, aka ɗaga ranar fitowa, a 2022 aka mai da aikin Montreyal, shekaru suka bi baya bai fito ba.

Zancen Farisar ma bai kwanta ba. Fim ɗin da Disney ya yi a 2010 ya sha suka don an ba Jake Gyllenhaal, Ba'amurke farar fata, matsayin yariman. Sai a 2024, shekara 35 bayan wasan farko, aka sami kashi na wannan zuri'a, The Lost Crown na reshen Montpellier, wanda mutanen cikinsa ke iya magana da harshen Farisanci.

Abin mamaki, duk tsawon lokacin da ake ta sake wa wasan riga, asalinsa ya ɓace. Rubutun umarnin da Mechner ya yi wa Apple II, wanda shi ne uwar littafin da aka kwafo sauran daga gare ta, ya yi shekaru yana nemansa bai gani ba. Masu kula da tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami a cibiyar IRSH ta Yamai sun san irin wannan hali, inda kwafi ke yawo ko'ina, uwar kuwa tana cikin wani akwati da ba wanda ya tuna da shi. A 2012 mahaifinsa yana share wani kabad sai ya ci karo da kwali, ya aika masa. A ciki akwai ƙananan faya-fayan maganaɗisu masu inci 3.5, ɗauke da rubutun. Faifan irin wannan yakan lalace da shekaru, na'urar karanta shi ma ta yi wuya. Jason Scott, mai aikin adana kayan tarihin kwamfuta, da Tony Diaz, mai tara tsofaffin na'urorin Apple, suka zo gidansa da kayan aiki, suka yini suna kwashe abin da ke ciki. A watan Afrilu na wannan shekara Mechner ya ɗora rubutun a shafin GitHub, inda kowa ke iya karanta shi layi bayan layi, har da ƴan layukan da suka mai da farin yaro baƙar inuwa.