Zoben Hatimi: Daga Hannun Maƙeri Zuwa Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa

Tun zamanin Fir'aunonin Masar ake ƙera zoben hatimi, wato zoben da aka sassaƙa wa suna ko alama a fuska, domin a danna shi a kan laka ko kaki ya zama shaida. Darajarsa ita ce kasancewarsa tilo. Duk wanda ya riƙe shi ya riƙe ikon mai shi.

Tarihin Musulunci ya nuna haka a fili. Yayin da Manzon Allah (SAW) ya yi nufin aika wa sarakuna wasiƙu, aka gaya masa ba sa karanta takardar da ba ta da hatimi, sai ya sa aka ƙera masa zoben azurfa. Zoben nan ya bi hannun Abubakar da Umar da Usman, kafin ya faɗa rijiyar Aris a Madina. A Rum kuwa, zoben Paparoma, wanda aka fara ambata a wata wasiƙa ta 1265, lalata shi akan yi idan mai shi ya mutu, don kada wani ya buga takardar jabu da shi.

Sassaƙar kanta aiki ne mai wuya. Dole a haƙa rubutun a juye, hagu ta koma dama, a kuma ɗan karkata bangon kowane rami yadda kaki zai rabu da ƙarfe ba tare da ya yage ba. Da yake hannu ba ya maimaita kansa daidai wa daida, sai wannan kasawar ta zama ita ce makarin jabu.

Hanyar da ta sauya al'amarin ba daga maƙera ta fito ba. A 1963 Ivan Sutherland ya nuna a jami'ar MIT ta Amurka cewa ana iya zane kai tsaye a fuskar kwamfuta. A Faransa kuma, Paul de Casteljau na kamfanin Citroën da Pierre Bézier na Renault suka tsara lissafin lanƙwasa layi, su kuwa jikin mota ne damuwarsu. Amma lissafin da ya siffanta ƙugun mota shi ne ya dace da kafaɗar zobe, inda faffaɗar fuska take tsukewa sannu a hankali har ta zama siririn da'irar da ke kewaye yatsa. Nan ne wurin da ya fi wahalar da mai zane. A 1986 Chuck Hull ya sami rajistar hanyarsa ta gina abu hawa-hawa daga wani ruwa mai daskarewa idan haske ya taɓa shi, a 1998 kuma manhajar Rhinoceros ta fito, masu ƙera kayan ado suka rungume ta.

Abin lura shi ne, ƙarshen aikin bai sauya ba. Siffar da na'ura ta fitar a kaki akan lulluɓe ta da farar ƙasa, a gasa har kakin ya narke ya fice, a zuba narkakkiyar zinariya a gurbinsa. Wannan ita ce tsohuwar dabarar zubi da maƙeran Ife da Benin suka yi fice da ita. Tilas mai zane ya ƙara wa awonsa ɗan kauri, domin ƙarfe yakan tsuke in ya huce, gugar ƙarshe kuma takan ci wani abu.

To, zanen da ke cikin kwamfuta ana iya fitar da shi sau ɗari ba bambanci. Da wannan fasaha ta zo a ƙarni na 13, da ta rusa amanar takardu. Sai dai ta tarar sa hannu ya riga ya karɓe aikin. A Ingila tun 1677 doka ta wajabta rubutu da sa hannu a kan wasu yarjejeniyoyi. Duk da haka, wasu masu sana'ar sukan zana gangar jikin zoben a kwamfuta, su zuba shi fuskarsa a shafe, sa'an nan su miƙa wa gwanin sassaƙa ya haƙa alamar da hannu.