Garin da talauci ya tsare

Ran da na fara ganin hoton San Jiminyano, na zaci hasumiyoyin nan na ibada ne. Da na bi tarihinsu, ashe yawancinsu na taƙama ne.

Ɗan ƙaramin gari ne bisa tudu a yankin Toskana na Italiya, kan tsohuwar hanyar masu ziyara zuwa Roma. Hanyar nan ita ta ciyar da shi: baƙi na sauka, fatake na sayar da za'afaran har ƙasashen waje. A 1199 garin ya samu cin gashin kansa. Da kuɗi suka zauna, sai manyan gidaje suka shiga gasa, kowa na so tasa hasumiyar ta fi ta maƙwabci tsawo. An ce sai da suka kai 72.

Sai annobar 1348 ta faɗo, ta kwashe wajen rabin jama'a. A 1353 garin ya miƙa wuya ga Fulorans. Matafiya suka sake hanya, kasuwa ta mutu.

To ga abin da ya tsaya mini a rai, ƴan uwa. Biranen da suka ci gaba da arziki sun rushe yawancin nasu hasumiyoyin, sun yi sabon gini. San Jiminyano ba ta da kuɗin rushewa. Yau 14 na tsaye, UNESCO ta sa garin cikin kayan tarihin duniya a 1990, kuma jama'arsa na cin abinci da masu zuwa kallo.

Shi ya sa in na ga ana rushe tsohon soro don a zuba siminti, nakan tsaya in tambaya.