Nanoselulos: Yadda ake juya kara da auduga su zama matatar ruwa da maganin rauni

Duk karan dawa ko na gero da ake tarawa bayan kaka a gonakin Mawashi da sauran ƙauyukan Kusada da Kankia yana ɗauke da wani sinadari mai suna selulos, wanda shi ne ke ba tsiro ƙarfin tsayuwa. Masanin Faransa Anselme Payen ne ya fara ware shi a 1838. A zaren auduga kuwa, kusan kashi 90 cikin 100 selulos ne.

Nanoselulos shi ne selulos ɗin da aka tsattsaga har ya koma zaruruwan da faɗinsu bai kai nanomita 100 ba. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Ana samar da shi ta hanyar jiƙa zaren a ruwan asid, ko niƙa shi da injin matsi mai ƙarfi, ko kuma kiwon wasu ƙwayoyin bakteriya da ke saƙa shi da kansu. Bengt Rånby na ƙasar Suwidin ne ya bayyana hanyar asid ɗin a 1949.

Amfaninsa a fannin lafiya

Yana riƙe danshi sosai, kuma jikin ɗan Adam ba ya yawan ƙin sa, shi ya sa ake rufe ƙuna da gyambo da shi. Tun shekarun 1980 Burazil ta fara sayar da irin wannan abin rufe rauni mai suna Biofill, wanda bakteriya ke saƙawa. Kamfanin UPM na Finland kuma ya ƙera FibDex daga itace.

Amfaninsa wajen tace ruwa

A 2014, masu bincike a Jami'ar Uppsala sun sanar da takardar tace ruwa ta nanoselulos wadda ƙofofinta suka yi ƙanƙantar da za su tare ƙwayoyin bairos. Idan aka sarrafa zaren da wasu sinadarai, yana iya kama dalma da rinin masana'antu. Sai dai galibin wannan aiki yana ɗakin gwaji tukuna, domin samar da shi yana cin wuta da kuɗi.

Abin da ya fi kusa da mu

A ƙasar Hausa, ƙwayar zogale ce abin tace ruwa mafi sauƙin samu. Ba nanoselulos ba ce: wani furotin ne a cikinta ke janyo laka da ƙwayoyin cuta su dunƙule su kwanta, kamar yadda alif ke yi. An gwada ta a kan ruwan Challawa a Kano a shekarun 1990, kuma Jami'ar Leicester ta Ingila ta gwada ta a matatar ruwan Thyolo da ke Malawi. Amma ruwan da ya washe ba lalle ne ya tsarkaka ba. Dole a tafasa shi ko a sa masa kulorin, kuma kada a daɗe da ajiye shi.

Kara, ɓawon gyaɗa da auduga ba su yi wa Jihar Katsina ƙaranci ba. Abin da ake buƙata shi ne kayan gwaji, wutar lantarki tsayayya da kuɗin bincike a wurare irin su Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. Wannan kuwa magana ce ta kasafin kuɗi, wadda ta kamata matasa su riƙa tambayar wakilansu a kai.