Zaure, tsakar gida da awon fili: tarihin gidan zama a Maraɗi tun daga 1945

Wannan maƙala tana duban yadda tsarin gidan zama ya canza a Maraɗi tun daga 1945. Mun zaɓi Maraɗi domin gari ne da aka tashe shi gaba ɗaya daga wuri zuwa wuri a shekara guda, saboda haka ana iya bambanta tsohon zama da sabon zama fiye da yadda ake iyawa a Damagaram ko Tawa. Tambayar da muke bi ita ce: mene ne ya faru da gida sa'ad da iyakarsa ta daina bin yawan mutanen da ke ciki, ta koma bin ma'aunin mai awo?

Tsohon gari da tsarin gidansa

Katsinawan da suka baro Birnin Katsina bayan faɗuwarsa a hannun masu jihadi a 1807 sun kafa sarautarsu a Maraɗi wajen 1819, a ƙarƙashin Ɗan Kasawa. Garin yana cikin fadamar Gulbin Maraɗi, kusa da ruwa da ƙasar noma. Guy Nicolas, wanda ya yi bincike mai tsawo a wannan yanki, ya nuna a 1966 cewa Hausawan nan suna shata gida da gona da gari bisa kusurwa huɗu, gabas da yamma da kudu da arewa. Ko an bar maganar al'ada, akwai dalili na zahiri: hadarin damina daga gabas yake tasowa, kuma bangon da ke fuskantar gabas shi ne ruwa ya fi ci. Magini ya san wannan tun kafin ya aza tubali na farko.

Abin da ya kamata a riƙe game da gidan wancan zamani shi ne ba a gama gina shi. Maigida yakan kewaye fili da danga ko katanga, ya yi zaure a bakin hanya, ya yi ɗakinsa, ya yi wa kowace mata nata ɗaki. In ɗa ya yi aure a yanka masa sashe, ya ci gaba da noman gandu tare da uba. In tsohuwa ta rasu a bar ɗakinta ya zama kango, bayan ƴan shekaru a kwaɓa ƙasarsa a yi wani ɗaki a inda ake bukata. Friedrich Schwerdtfeger ya bi irin wannan tashi da faɗuwa na ɗakuna a gidajen Zariya, a littafinsa na 1982, ya nuna cewa taswirar gida tana tafiya ne tare da aure da haihuwa da mutuwa. Kayan ginin ma sun yarda da haka. Ƙasa da kara da zana ba su hana rushewa da sakewa, kuma azara ba ta ɗaukar rufin ƙasa mai faɗin da ya wuce kamar mita 2 sai an yi dabara, don haka ɗakuna ƙanana ne, masu yawa, kowa da nasa.

Zaure shi ne mabuɗin tsarin. Nan maigida yake karɓar baƙi, nan malami yake karantarwa, nan masaƙi ko baduku yake aiki, nan baƙo yake kwana. Ƙofar shiga da ta fita ba su kallon juna, don kada idon mai wucewa ya kai ciki. Namijin da ba muharrami ba iyakarsa ke nan, sai dai ya yi sallama ya aika yaro. Bayan zaure kuwa tsakar gida ta mata ce: daka, girki, wanki, renon yara, turken awaki, da sana'a. Matar da ke kulle tana soya ƙuli-ƙuli ko dama fura a nan, ƴarta ta kai talla. Wanda ya ɗauki tsakar gida a matsayin filin da ya rage bayan an gina ɗakuna bai fahimci gidan ba, domin a nan ake yini, kuma a watannin Afrilu da Mayu a nan ake kwana.

Ambaliyar 1945 da zuwan mai awo

A 1945 Gulbi ya yi ambaliya ya rushe garin. Hukumar Faransa ta mayar da jama'a bisa tudu, aka ja tituna miƙaƙƙu masu faɗi, aka auna filaye aka raba. Unguwanni irin su Bagalam da Ƴandaka da Maradawa da Limanci sun hau tudu da sunayensu. Ba za a musa amfanin ƙaurar ba: an tsira daga ruwa, kuma motocin da ke kwasar gyaɗa sun sami hanya. Amma daga wannan shekara iyakar gida ta zama layi a takarda, da titi a gaba da maƙwabci a baya. Gida ya rasa inda zai miƙe ƙafa.

Tsarin mallakar fili da Faransa ta shimfiɗa a ƙasashen Afirka ta Yamma, musamman dokar 26 ga Yuli 1932, ya ƙara wani abu. Mai fili ba ya samun cikakkiyar takardar mallaka sai ya raya filin, kuma a idon hukuma ginin siminti da kwano shi ne tabbataccen gini, ginin ƙasa na wucin gadi ne. Wannan rabe-rabe ya wuce zamanin mulkin mallaka, ya zauna a ofisoshi da bankuna da kuma zukatan mutane. A ganinmu illarsa ta fi ta awon fili, domin ya sa magini mai gwaninta ya koma ana kallonsa a matsayin mai yi wa talaka aiki.

Garin kuma ya yi ta girma. Cinikin gyaɗa, sannan fataucin kan iyaka da Najeriya wanda ya bunƙasa lokacin yaƙin basasar 1967 zuwa 1970, su suka haifar da attajiran da Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986, wato Alhazan Maraɗi. Farin 1973 da 1974 da na 1984 ya turo mutanen ƙauye cikin gari. Ƙidayar 1977 ta sami mutum kimanin 44.000, ta 1988 kimanin 110.000, ta 2012 fiye da 267.000. Sabbin unguwanni kamar Zariya da Ali Ɗan Tsoho duk a kan awo aka yi su, kuma parsal ta yi ta ƙanƙancewa, daga murabba'in mita 600 zuwa 400, har 300.

Abin da mazauna suka yi da filin

Taswirar da ma'aikaci ko ɗan kasuwa yake karɓa daga hannun mai zane ta Turai ce: falo, lungu, ɗakunan kwana a jere, madafa da makewayi duk a ƙarƙashin rufi ɗaya, ginin a tsakiyar fili. An yi ta ne don miji ɗaya da mata ɗaya da ƴaƴa kaɗan, masu girki a tsaye, masu karɓar baƙo mace da namiji a ɗaki guda. Wanda ya shiga irin waɗannan gidaje bayan shekara goma zai ga yadda mazauna suka gyara ta. Madafar ciki ta zama ɗakin ajiya, an kafa murhu a waje ƙarƙashin rumfa domin tuwon mutum goma sha biyar ba ya tuƙuwa a kan teburi. Garejin mota ya zama shago ko ɗakin samari ko wurin ganin baƙi, wato zaure ya dawo da wani suna. An ƙara ɗaki a jikin katanga don amarya ko don uwar maigida. Sai dai da yake ginin ya cinye tsakiya, abin da ya rage wa mata ƴan lunguna ne a gefe, ba inuwa ba iska.

Talaka kuwa ya koma gidan haya, jerin ɗaki da falo a kewaye da fili ɗaya, iyali biyar ko shida da makewayi ɗaya. A nan babu zaure sam, kuma babu kulle ko da maigida yana so. Maza sun koma ƙofar gida da tabarma da benci. Ba mu cewa rashin zaure ne ya haifar da fadar samari da ta yaɗu a biranen Nijar tun shekarun 1990, domin rashin aikin yi da buɗewar siyasa sun fi ƙarfi a cikin dalilanta. Amma saurayin da ba shi da ɗaki a gidan ubansa dole ya nemi wurin zama, kuma titi ne ya rage.

Wurin da matsalar ta fi tsanani shi ne gado. Tsohon gida ana raba shi da danga, kowane magaji ya fitar da ƙofarsa. Gidan siminti a kan mita 300 ba ya rabuwa tsakanin magada takwas ko goma, sai a sayar a raba kuɗi, kuma kason kowa ba ya sayen fili sai a bayan gari. Ta haka zuriyar da ta zauna wuri ɗaya tun 1945 take watsewa, gwauruwa da tsofaffi su ne suka fi shan wuya.

An yi ƙoƙarin neman mafita a wasu wurare na ƙasar. Tun 1980 aka fara gwada gini ba da itace ba a Cikal, cikin yankin Filinge, da rufin baka da tulluwa na tubalin ƙasa, dabarar da aka ɗauko daga maginan Nubiya, saboda giginya ta yi ƙaranci. Wannan ya amsa tambayar rufi da zafi. Tambayar fili kuwa, aikin da ya fuskance ta kai tsaye shi ne Niamey 2000, wanda ƙungiyar united4design, cikinta har da Mariam Issoufou, ta kammala a Yamai a 2016: gidaje 6 na bene da tubalin ƙasa matsattse, a manne da juna, kowanne da farfajiyarsa da ido ba ya kaiwa daga titi. Gidajen na masu matsakaicin hali ne, ba su kai ga mai sayar da itace ko mai turin kura ba. Kuma bene yana da tasa matsalar, domin tsohuwa ba ta son hawa, akuya da turmi ma ƙasa suke bukata. Duk da haka aikin ya nuna cewa ana iya matse gidaje ba tare da an kashe tsakar gida ba, in aka jera ɗakuna a gefe aka bar tsakiya, kamar yadda maginan Bagalam suke yi tun kafin a hau tudu.